Jan Biro a Takardar Nuriyya

"Nuriyya! Ke Nuriyya! Wai da wa kike magana bayan rumbu tun hantsi?"

Inna Sa'adiya ce ta ɗaga murya daga bakin murhu, muciya a hannu, hayaƙin ɗanyen kara ya sa idonta ya yi ja. Nuriyya ta zare abin sauraro daga kunne ta leƙo, littafi a hannunta.

"Ba kowa, Inna. Karatu nake."

"Wane irin karatu na wanga? Shi, shi, shi, shi! Shi wa? In Hafizu kike nuhi ki hwaɗi sunanai mu huta!"

"Haba Inna! Kalmomi ne daban-daban fa. In na ɗaga murya, goma ke nan, in kuma na sauke ta—"

"To sauke ta ki zo ki kama mani tankaɗe."

Nuriyya ta rufe littafin, ta yi tsaki a zuci don ba ta isa ta yi shi a fili ba.

Shekararta ta uku ke nan a jami'a, sashen harsuna, kuma tun zangon farko ta zaɓi Sinanci. A matakin farko abin daɗi ne: gaisuwa, ƙirga, sunayen abinci, ta dawo hutu Sabon Birni tana burge ƙawaye. Da aka shiga matakin tsakiya sai wasa ya ƙare. Haruffa sun haura dubu, insha'i duk mako, ga malamarsu Malama Lin ba ta yafe ko ɗigo. Zangon da ya wuce maki huɗu kacal ya hana ta tsallakewa, ta yi kuka har da zazzaɓi. Yanzu saura mako uku ta sake zama jarrabawar, kuma mutum huɗun da suka fi kowa maki za a tura su ƙasar Sin su yi wata goma. Shi ya sa ta yanka ƙananan takardu ta liƙa a jikin komai na gidan, randa, turmi, ƙofar ɗaki, har ma'ajin itace, kowanne da sunansa da rubutun Sin, don duk inda ta juya ta ci karo da karatu.

Ban da jarrabawa akwai wani abu da ke gabanta. An tsayar da aurenta da Hafizullahi da zarar an kai gero gida. Ɗan garin Isa ne, yana da shagon kayan babur a kasuwar Sabon Birni, shekara biyu suna tare ba wanda ya taɓa jin kansu.

Tana cikin tankaɗe aka yi sallama. Wata mace ce doguwa, siririya, da baƙin hijabi da leda a hannu. Adda Kadijatu ce, yayar Hafizullahi, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, kuma a gidansu maganarta ce magana. Ta zo daga Isa ne don a yi shawarar kayan lefe.

Nuriyya ta shimfiɗa tabarma, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta je ta ɗebo ruwa a randa. Adda ta karɓi moɗar, amma idonta ba ya kan ruwan.

"Ke ɗiyar Malam, mi na na wancan ga jikin randa?"

"Sunan randa ne, Adda, da Sinanci."

"Randa ba ta san sunanta ba sai an rubuta mata?"

Inna ta yi dariya ta ce, "Bar ta, Kadijatu. Har turmina bai tsira ba."

Adda ba ta yi dariya ba. Ta bi takardun da ido ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye moɗar a gefe ba ta kurɓa ba. Maganar lefe ma a gurguje aka yi ta, ta ce za ta leƙa shagon ƙanenta kafin ta nemi mota, don hanyar Isa ba ta son yamma.

Bayan kwana biyu, da la'asar, Hafizullahi ya zo zance. Tun daga yadda ya jingine babur Nuriyya ta san akwai magana. Ya zauna a kan dakalin zaure yana juya makulli a yatsa.

"Nuriyya, kin tuna takardar nan da kika ba ni? Mai jan biro?"

"Asayimen ɗina? Wanda ka ce in bar maka?"

"Shi. Na liƙa shi ga bangon shago, saman kanta. Adda ta gani ta cire ta tafi da shi."

"To sai me? Ka ce ta maido."

Ya sunkuyar da kai. "Ta kai wa wani mutum can bayan tasha. Ya ce mata kurciya ce."

"Kur— me?"

"Wai asirin raba mutum da garinsu. Wai jan rubutun jini ne."

Nuriyya ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna, ta sake miƙewa. "Jini? Hafiz, jan biron Malama Lin ne! Kuskure goma sha bakwai ta kama mini a takardar nan! Shi mutumin ya iya Sinanci ne?"

"Ina zai iya?"

"To ta yaya ya karanta?"

"Na gaya mata aikin makaranta ne, labarin gidanmu kika rubuta. Ta ce wa ya gaya mani? Na ce ke. Ta ce to." Ya share goshi. "Kuma laifina ne. Kwanaki na yi suɓutar baki na ce in kin tafi Caina za ni so in bi ki in ga inda ake ƙera kayan da nake sayarwa. Tun ranar ba ta sake mani fuska ba."

Washegari aka aiko wa Malam Attahiru, mahaifin Nuriyya, daga Isa. Ya dawo daga gona da lauje a kafaɗa ya tarar da saƙon, ya shigo gida ransa a ɓace, ya kira ta gaban Inna.

"Sun ce a dakata da maganar rana. Ko ki bar yaren ga, ko su bar auren."

"Baba, wallahi—"

"Ba rantsuwa nit tambaye ki ba. Na san abin da na haihwa. Amma ni mutum na cikin mutane, yau ga masallaci ana kallona kamar mai ajiyar boka cikin gida. Karatunki ban hana ki ba, ni na kai ki. Takardun ga dai da kinka manna ma tukwanen uwarki, in dawo in iske babu ko guda."

Tana hawaye ta bi su tana ɓamɓarewa. Ta ƙirga arba'in da uku, ta zuba a jakar makaranta. Har maƙwabciyarsu da ke zuwa aron rariya kullum ta daina shigowa, sai dai ta tsaya bakin ƙofa ta miƙo hannu.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne zuwan Hafizullahi na gaba. Ya zo da balangu a takarda da murya mai taushi.

"Na yi tunani, Nuriyya. Me zai hana ki ɗan ajiye abin nan? Ba dainawa ba — ajiyewa. A ɗaura aure, hankalin Adda ya kwanta, baɗi sai ki ɗora."

"In ajiye?"

"Shekara guda ce kawai."

"Hafiz, ka san abin da kake faɗa kuwa? Harafin da na haddace yau, in na kwana uku ban rubuta shi ba sai ya gudu. Shekara biyu da rabi ina fama, yatsana har ya yi kanta — duba! Sai in zubar saboda wani mutum a bayan tasha ya ga jan biro?"

"Ba don shi ba, don Adda. Ita ce uwata, ita ce ubana."

"Na sani! Na fi ka sanin haka! Amma in na ajiye yau, ai na amsa ke nan cewa asiri ne. Gobe in ka yi ciwon kai a ce ni ce. In kasuwa ta ja baya a ce ni ce. Siriyos, kai ka yarda na yi maka wani abu?"

"Subhanallahi, a'a!"

"To ka faɗa mata!"

"Na faɗa, ta ce ai wanda aka yi wa ba ya sani."

Nuriyya ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo Allah! In ka ce e, asiri ne. In ka ce a'a, asiri ne. Ɗauki namanka ka tafi, don Allah, kafin in faɗi abin da za ni yi nadama."

Ya tafi ya bar naman a kan dakali. Kwana tara ba ta amsa kiransa ba. Tana tashi ta yi aikin gida, ta bi Inna gona kai abinci, ta dawo ta shige ɗaki ta buɗe littafi, amma haruffan sai su yi ta iyo a idonta. Malama Lin ta turo gwajin share fage ta waya, ta ci arba'in da takwas cikin ɗari. Ranar ta jefar da biro ya bugi bango.

Inna ta shigo ta ɗauki biron ta ajiye mata a kan littafi, ta zauna bakin gado.

"Kin gama hushin?"

"Inna, ni me na yi wa Adda Kadijatu? Ko kallon banza ban taɓa yi mata ba."

"Ba ki yi mata komi ba. Amma ke kin san Anas?"

"Ɗanta da ya tafi ci-rani?"

"Ɗanta guda ɗaya tal. Shekara bakwai yau da yab bi motar Agadas, wai wata shidda za ya yi. Ko gawa ba ta gani ba. Hafizu kaɗai yar rage mata, sai ga ki da yaren wata duniya, shi kuma yana hwaɗin za ya bi ki. Ke in ke ta, mi za ki yi?"

Nuriyya ta san labarin Anas, amma ba ta taɓa haɗa shi da takardarta ba.

"Ba ƙin ki take ba, tsoro take ji," in ji Inna. "Mai jin tsoro kuwa ba a yi mai gardama daga nesa. Na yi magana da babanki. Gobe da sahe za mu Isa, ni da ke. Kuma ki ji ni da kyau: ko mi tac ce, bakinki alaikum."

Sun isa da hantsi. Adda na tsakar gida tana matsar ƙuli, kaskon mai a kan wuta. Ta amsa sallama a daƙile, ta nuna musu tabarma da haɓa, ta ci gaba da aikinta kamar ba kowa. Aka yi rabin awa. Aka yi awa guda. Rana ta cinye inuwar tabarmar. Nuriyya ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi Inna, Inna ta harare ta. Sai kawai ta tashi ta naɗe hannun riga, ta wanke hannu, ta durƙusa gaban ƙwaryar tunkuza ta fara murza ƙuli tana jerawa a faifai.

"Wa yas sa ki?" in ji Adda.

"Ba kowa, Adda."

"Sun yi kauri. Ba su soyuwa haka."

Nuriyya ta haɗiye abin da ta haɗiye, ta kwashe su duka ta sake murzawa. Adda ta ce sun yi siriri. Ta sake. Sai da suka cika faifai uku, zufa ta jiƙe mata ɗankwali, sannan Adda ta sauke kasko ta shiga ɗaki ta fito da wani tsumma a ƙulle. Ta kwance shi da ƙarshen yatsu, ta ajiye takardar a ƙasa tsakaninsu.

"To ga ta. Mi kinka rubuta ma ƙanena?"

Nuriyya ta ga takardarta ta sha hayaƙin turare har ta yi rawaya. Kunya ta rufe ta, don ta san abin da ke ciki, kuma ba ta taɓa zaton za a karanta shi gaban wannan matar ba.

"Adda, in na karanta za ki ce na faɗi abin da na ga dama ne."

"Haka za ni ce."

"To ga malamarmu. Basiniya ce, amma ta iya Hausa, a jami'ar ƙasarsu ta koya. Bari in kira ta ta bidiyo in ba ki wayar, ni in fita. Ki nuna mata ta karanta miki da bakinta."

"Baƙar dabara! Kun haɗa baki."

Inna ta ce, "Kadijatu, ke kanki ba ki san za ki hiddo takardag ga yau ba. Yaushe sunka haɗa?"

Adda ta dubi wayar. "Kira ta. Ni ma ina son in ga mai koya ma ɗiyan mutane zanen aljannu."

Netwok ya ƙi. Sai da aka zagaya gidan kaf aka same shi a kusurwar garken awaki, aka kafa wa Adda kujera a nan. Da kiran ya shiga Nuriyya ta gaida malamar da Hausa, ta ce ga wata babba tana son a karanta mata takarda, ta miƙa wayar ta koma bayan danga inda ba a ganinta amma tana ji.

"Assalamu alaikum, Hajiya. Barkanmu da war haka. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya."

Adda ta kusa sakin wayar. "La ilaha! Wagga ai muryar rediyo ta! Ke, wa yak koya maki Hausar Kanawa?"

"Malamaina, Hajiya. Don Allah ki juya takardar, kin riƙe ta kai a ƙasa. Yauwa. A'a, wannan akuya nake gani. Ɗaga kaɗan. Madalla. Na gane ta, insha'in Nuriyya ne na zangon da ya wuce. Na ba su kan magana: mutumin da nake girmamawa."

Ta fara fassarawa a hankali, jimla bayan jimla.

"Mutumin da nake girmamawa mace ce. Sunanta Kadijatu, tana zaune a garin Isa. Ba mahaifiyata ba ce. Lokacin da iyayenta suka rasu tana da shekara goma sha tara, ƙanenta yana da huɗu. Dangi suka ce a kai shi ƙauye, ta ƙi, ta goya shi ta tafi da shi gidan aurenta. Kullum tana tashi kafin rana ta fito ta yi abincin gyaɗa ta sayar. Idan abinci bai isa ba, sai ta ce ta ƙoshi."

Daga bayan danga Nuriyya ta rufe fuska da gyale.

"Makarantar ƙanenta tana da nisa sosai. Saboda haka sai ta sayar da kekensa—"

"Mi?" Adda ta zabura har kujera ta faɗi. "Ni? Ni nis sai da keken Hafizu? Ƙarya ta! Wallahi ƙarya ta! Awakina biyu nik kai kasuwa, da mai ciki, nis saya mai keken ga! Isa duka an sani! Ke Nuriyya, hito nan!"

"Hajiya, Hajiya, ki yi haƙuri," in ji Malama Lin, tana ƙoƙarin danne dariya. "Abin da take so ta ce ke nan. A harshenmu harafin saye da harafin sayarwa kusan ɗaya ne, ɗan zane ne kawai a sama ya raba su. Ta ƙara zanen inda bai kamata ba. Kin ga babban jan da'irar nan a tsakiya? Ni na yi ta. Na rage mata maki biyu."

Adda ta kai takardar kusa da ido ta dubi da'irar da ta hana ta barci mako biyu. "Wanga jan... naki na?"

"Duk jan nawa ne. Guda goma sha bakwai."

"Maki biyu kaɗai kinka rage mata? Ta mai da ni mai sai da keken maraya, maki biyu?"

Inna ta fashe da dariya har tana riƙe danga. Malamar ta ce saura layi biyu, ko ta ƙarasa? Adda ta ɗaga kujera ta zauna ta ce ta ƙarasa.

"Wannan mata ba ta yawan dariya, kuma ina jin tsoronta kaɗan. Amma duk halin kirki da na gani a wurin ƙanenta, daga hannunta ya fito. Ina fata wata rana ta so ni."

Adda ta kife wayar a cinya ba ko sallama. Da Nuriyya ta zagayo ta same ta ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa. Ta durƙusa a gabanta, ita ma hawayen suka ɓalle.

"Adda, ki yafe mini. Da na san zai tayar miki da hankali—"

"Yi shiru." Ta ja hanci. "Wa yag gaya maki ina cewa na ƙoshi?"

"Shi."

"Ashe ya sani." Ta share ido da gefen hijabi. "Anas ma hakanan yac ce mani, wata shidda. Na soya mai ƙuli cike da leda na raka shi tasha. Har yau in mota ta tsaya bakin titi sai na leƙa. Ba ni iya sake raka wani, ɗiyar Malam. Ba ni iyawa."

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Hafizullahi ne, ya ji labarin sun taho ya rufe shago ya biyo su, duk ya yi furu-furu da ƙura. Ya tarar da mata uku a garken awaki, biyu na kuka ɗaya na share hawayen dariya, ya rasa wa zai fara tambaya. Da Inna ta ba shi labari sai ya tsuguna gefen yayarsa.

"Adda, ni ba inda za ni. Magana ce ta baki na yi. Ita karatu za ta, da takardu da ranar dawowa, ni ina nan ina jiranta kusa da ke." Ya juya wajen Nuriyya, bai iya haɗa ido da ita ba. "Ke kuma ki yi haƙuri. Tsoron faɗan Adda ya sa na ce ki zubar da wahalarki. Ban kyauta ba."

"Ba ka kyauta ba kam," in ji Adda, ta kai masa dundu a baya. "Kana da baki ka tsaya kana 'labarin gidanmu, labarin gidanmu'! Da ka ce labarina na, da na je bayan tasha?"

"Adda, ni ma ban sani ba! Ba ta gaya mani ba!"

Duk suka juyo kan Nuriyya. Ta ce kunya ta ji. Adda ta yi tsaki mai tsawo ta ce yaran zamani sun iya zuwa Caina amma ba su iya buɗe baki ba. Ba ta ce ta janye sharaɗinta ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Ta dai tsare su sai da suka ci tuwo, ta raka su har bakin mota tun rana na sama. Bayan kwana biyu aka sake aikowa daga Isa: rana tana nan yadda aka sa.

Saura kwana shida a yi jarrabawa Nuriyya ta koma makaranta. Ta zauna jarrabawar, ta fito tana rantsuwa ta faɗi. Da sakamako ya fito ita ce ta huɗu, da tazarar maki ɗaya tsakaninta da na biyar. Aka kai gero gida, aka ɗaura aure, suka yi wata huɗu a ɗakinsu na Sabon Birni kafin takardun tafiya su kammala.

Ranar tafiya, da sassafe, dangi suka cika tasha. Ba wanda ya sa ran ganin Adda, don ta ce ba ta rakiya. Direba ya riga ya tayar da mota sai ga ta ta sauko daga kan babur tana haki. Ta ja Nuriyya gefe, ta zaro wani ɗan hoto daga lalitarta, gefensa duk ya cinye. Saurayi ne da rigar ƙwallo yana murmushi.

"Anas na. An ce can mutane sun yi yawa, daga ko'ina ana zuwa. Ko Allah Ya sa ki gamu da wanda yag gane shi."

Nuriyya ta san tsakanin inda Anas ya nufa da inda za ta akwai rabin duniya. Ba ta faɗa ba. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta saka shi cikin fasfo ɗinta.

"Za ni tambaya, Adda. Kuma duk Juma'a za ni kira ki."

"Wata goma kinka ce."

"Wata goma."

"Ina ƙirgawa."

Ta kuwa ƙirga. Anas ba a samu labarinsa ba, amma ba Juma'ar da wayar Adda ba ta yi ƙara ba, kuma a wata na goma Nuriyya ta sauka a wannan tashar, Adda ce ta fara riƙe ta kafin mijinta.

Da Nuriyya ta biye wa zuciya ta mayar da magana, da ta rasa miji, ko ta rasa karatu, ko duka biyun, alhali tana da gaskiya. Haƙuri da girmama na gaba su suka ba gaskiyarta damar fitowa. Mu kuma manya, abin da ba mu sani ba mu tambayi wanda ya sani kafin mu yanke hukunci, domin zato ya kusa raba Adda Kadijatu da yarinyar da ta fi kowa ganin girmanta.